Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da malamanmu na Agege da Mile 12, daga wanda ake nunawa da baki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara wa iyayenmu shugabannin Hausawan Ikko lafiya da nisan kwana.

Na daɗe ina so in yi maganar ciwon ƙwaƙwalwar da ke damuna baki da baki, sau biyu ina tsayawa a ƙofar masallaci bayan la'asar da niyyar in ja Malam gefe, sai in ga jama'a sun yi yawa, sai kawai in ce Allah gafarta Malam ina wuni, in sa takalmina in wuce. To tunda baki ya kasa bari yatsa ya yi. Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba dan kaina ba, ni kam an gama sanina, 'ya'ya mata gare ni guda biyu kuma kun san halin mutanenmu, wata rana za a zo neman aurensu wani ya ce ai ubansu ne wannan da ya taɓa zarewa, shi kenan magana ta mutu. Albasa nake sayarwa a Mile 12, a Agege nake kwana, bana shekarata goma sha huɗu a garin nan.

Ciwon da ke damuna likitoci suna ce masa baifola. Ni dai in zan yi wa mutum bayani cewa nake ciwon hawa da sauka ne, amma fa ba irin na yau ka tashi da fara'a gobe ka tashi da haushi ba, wannan kowa na yi. Nawa in ya hau sai ya yi sati biyu, uku, wani lokacin fiye, in kuma ya sauka sai ya kwantar da ni watanni. A tsakani lafiyata ƙalau, ina lissafin buhu ina lissafin kuɗin mota, ba wanda zai cuce ni da naira ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a duniya, kun ga kenan ba maƙiyin kasuwa ne ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya yi mana asiri ba.

Bari in ba ku labarin yadda ya fara, dan wasunku ƙarshen kawai kuka gani. A 2017 ne. Barci ne ya fara tafiya, in kwanta ƙarfe ɗaya in tashi ƙarfe uku garau kamar wanda ya yi barcin kwana biyu, ba gajiya ba ciwon kai. Wallahi daɗi nake ji, abin da mutane ba su ganewa kenan, farkon abin daɗi gare shi. Ji nake duk kasuwar nan ba mai kaina, magana na zuba kamar an buɗe famfo, kafin in gama wannan zance na shiga wancan. Na kira mutanena na Aliero na ce a loda min tirela biyu bashi, ni da ban taɓa wuce rabin mota ba. Na saya wa yaran shago waya kowa da tasa, na tsaya a Oshodi ina raba wa agbero, wato 'yan kamashon tasha, kuɗi, na ɗauki biro da takarda na zana islamiyya mai hawa uku da zan gina a Agege har da sunan da zan sa mata. Kuma kun san me aka ce a lokacin? Cewa aka yi Alhaji ya samu buɗi, Allah ya shirye shi, ga tsayuwar dare ga kyauta. Ba wanda ya ce bawan Allah yaushe rabonka da barci. Sai da na fara faɗa da kowa, na mari yaron da ya ce min lissafin bai fita ba, na taka da ƙafa daga Ketu har Ojota cikin dare ina wa'azi da ƙarfi ba takalmi, sannan aka ce a'a, an taɓa shi.

Albasa kuwa ba ta jiran kowa ya warke, ga damina ga zafin Legas, rabinta ruɓewa ta yi a ƙasa. Bashin nan shekara uku na yi ina biya.

'Yan uwana da ƙauna suka yi abin da suka yi, wannan ba na shakka. Suka ɗauke ni suka kai ni gidan wani malami da ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba. Aka sa min mari a ƙafa, aka ɗaura ni jikin ƙarfen taga, safe da yamma hayaƙi da bulala, wai ba ni ake duka ba aljanin ake duka, to amma dai tabon a bayana ya fito, har yau yana nan matata na gani. Kwana ashirin da wani abu na yi. Da abin ya lafa aka ce alhamdulillahi ya fita, aka karɓi kuɗi da rago. Sai daga baya likita ke gaya min ai hawan nan ko ba a yi komai ba yakan sauka da kansa in ya gama kwanakinsa, matsalar ita ce zai dawo, kuma abin da ke biyo bayansa ya fi shi haɗari.

Abin da ya biyo bayan shi ne wanda ba ku gani ba, dan a ɗaki ake yinsa. Wata huɗu ina kwance kan katifa ina kallon silin. Ba ciwon jiki, amma in ɗaga buta in yi alwala ji nake kamar an ce in ɗauki buhun albasa biyu a ka. Abinci ba ɗanɗano, 'yata ta zo ta hau jikina tana wasa ni kuma ba na jin komai, kamar an cire wani abu a ƙirjina an bar rami. Ga kunyar abin da na aikata, ga masu bashi suna kira. A nan ne aka sake min suna, da mahaukaci ne yanzu kuma malalaci, mai raunin imani, wai mumini ba ya baƙin ciki haka, ka tashi ka yi zikiri. Malam ina yi wallahi, bakina na motsi, amma kamar mai magana cikin rijiya. Har na kai inda nake ganin iyalina za su fi hutawa in ba ni a duniya, kuma ban iya gaya wa kowa ba, dan na san amsar da zan samu ita ce a'uzubillahi, ka san makomar mai yin haka. Na sani mana. Ba fatawa nake nema ba a daren nan, wanda zai zauna kusa da ni nake nema.

Kun san wa ya kai ni asibiti? Wata Bayarabiya ce maƙwabciyarmu mai sayar da abinci, Iya muke ce mata. Ita ta kira matata ta ce ƙaninta ma haka yake, yana shan magani yana aikinsa, ku kai shi Yaba. Matata ta yi kuka ta ce Iya ai asibitin mahaukata ne, Iya ta ce to gidan da kuka kai shi aka ɗaure shi na masu hankali ne? Washegari ita ta tare mana mota.

Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba tun 1907 yake nan, ya girmi haɗewar Najeriya ma, amma mu abin da muka sani game da shi kawai zagi ne, in an ga mutum na shirme a ce a kai shi Yaba lef, kamar yadda a Kano ake cewa a kai shi Dawanau, a Sakkwato a ce Kware. Ni da na shiga mutane na gani zaune a benci da katinsu a hannu, wani da kwat, wata da hijabi, wani ɗan makaranta da uwarsa, ba wanda ke cin bola. Likitar da ta gan ni ta yi min tambayar da ba wanda ya taɓa yi min, ta ce kafin wannan kwanciyar ka taɓa yin kwanaki ba ka barci kuma ba ka gaji ba, kana kashe kuɗi ba lissafi? Na kalli matata, matata ta kalle ni. Ta ce tambayar na da muhimmanci dan in aka ɗauka ciwon damuwa ne zalla aka ba mai baifola maganin damuwa shi kaɗai, yana iya cilla shi sama ya koma gidan jiya. Shi ya sa nake jin tsoro in na ga mutum ya je kemis ya ce a ba shi maganin tunani.

Aka ɗora ni kan litiyam. Tsohon magani ne, tun 1949 wani likita a Ostareliya mai suna John Cade ya gano yana kwantar da irin wannan hawan. Ba zan yi muku ƙarya in ce daɗi gare shi ba, yana sa ni ƙishirwa da yawan fitsari, hannuna na ɗan rawa in ina ƙirga kuɗi har wani abokin ciniki ya taɓa tambayata ko na sha wani abu ne, kuma dole lokaci lokaci a ɗebi jini a duba yawansa a jiki, a duba ƙoda da maƙoshi, dan in ya yi yawa guba ne. Ga tsada, komai ya tashi. Amma shekara kusan huɗu na yi ina kasuwata lafiya lau, na biya bashi, na sa yara a makaranta.

Yanzu ga dalilin wasiƙar nan. A 2021 ina zaune a wajen wa'azi bayan magariba, wani malami baƙo, shi ma ba zan kama suna ba, ya ɗauko zancen aljanu da sihiri, ya ce ƙwayar Bature ba ta korar aljani, sai dai ta kwantar da mutum ta mai da shi gunki, duk wanda ke shan maganin asibitin mahaukata ya binciki tawakkalinsa. Jama'a suka yi kabbara. Ni kuma ina tsakiya da kwalin magani a aljihu, ji na yi kamar da ni kaɗai yake. Dama ga shi na gaji da rawar hannu, ga shi ina jin lafiyata ƙalau, sai zuciya ta ce ai ka warke. Daren nan na daina sha, ban gaya wa matata ba. Wata biyu ba ta cika ba barci ya sake tafiya. Wannan karon sai da aka kwantar da ni a asibiti, kuma 'yata babba ta ga ubanta ana riƙe da shi mutum huɗu, abin da har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina. Likita ta ce yanke litiyam lokaci ɗaya na cikin abubuwan da suka fi saurin dawo da ciwon. Shi malamin ya gama wa'azinsa ya hau mota ya koma, bai ma san ina duniya ba.

Allah gafarta malamai, ba ina musun aljani ba ne, yana cikin Alƙur'ani, ba kuma ina raina ruƙiyya ba, har gobe ina tofa Falaƙi da Nasi in shafa kafin in kwanta kuma ina jin sanyi a raina. Abin da nake cewa shi ne ba ku taɓa ce wa mai ciwon suga ya ajiye allurarsa ya binciki tawakkalinsa ba, ba ku taɓa ce wa mai hawan jini ƙwayarsa raunin imani ce ba, da yawanku ma kuna sha. Ƙwaƙwalwa ita ma tsoka ce a jiki, Allah ne ya halicce ta kuma tana ciwo. Ku kuka karantar da mu hadisin da ke cikin Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. To me ya sa in aka zo kan tamu cutar sai hadisin ya tsaya a bakin ƙofa? Magana ɗaya daga bakinku ta fi ta likita goma nauyi a wajen mutanenmu, ni shaida ne, magana ɗaya ce ta sa na zubar da shekara huɗu na lafiya. Da wannan nauyin nake roƙo ku ce wa mutane su yi addu'a su kuma sha magani, in an kawo muku wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana ta zuba, ku yi masa tofi ku ce maza a wuce asibiti, kar a kwana.

Kuma ba sabon abu ba ne malami da likita su haɗa hannu. Nan kusa da mu a Aro ta Abeokuta, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ƙwaƙwalwa tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su, har duniya ta zo tana koyo, shi kuma ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. In an yi haka shekara saba'in da suka wuce ban ga abin da zai hana limamin Agege ya riƙe lambar wayar asibiti a aljihunsa ba.

Maganar mari kuwa, dan Allah a bari. Kowa ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, da yawa da sarƙa a ƙafa, muka yi ta salati a waya kamar ba mu san ana yi ba, alhali kowa ya san gida irin wannan ko da ƙarami ne. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, waccan da sunanta ma dokar hauka ne. Sabuwar ta ce mai wannan ciwo mutum ne mai haƙƙi, ba a wulaƙanta shi ba a azabtar da shi. Amma doka tana Abuja a takarda, wanda ake kai wa mara lafiya da tsakar dare ku ne.

Sai kuma bakinmu. Mu Hausawa komai hauka, direba ya yi ganganci mahaukaci, ɗan siyasa ya yi shirme a ce a gwada ƙwaƙwalwarsa, yaro ya yi ƙiriniya uwarsa ta ce kai taɓaɓɓe, nan Legas kuma mun ƙaro da were da kolo. Ni ma ina faɗa da, ba zan wanke kaina ba. Wanda ya fi ci min rai shi ne wai mahaukaci ba ya warkewa sai dai rangwame. Da wannan maganar ake hana mu bashi a kasuwa, da ita ake ƙin sa mu a adashi, in na yi fushi na gaskiya dan an cuce ni sai a kalli juna a ce abin ne ya motsa, in na yi dariya da yawa a wajen ɗaurin aure sai in ga ana satar kallona. Wato ni ba ni da damar yin fushi ko murna irin ta kowa. Gaskiya ne ciwon ba ya fita kwata kwata, kamar suga ne lallaɓa shi ake yi, amma mai suga ba a daina karɓar shaidarsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ina so wata Juma'a in ji an karanta ta an ambaci irinmu a ciki. Haka zancen ai ƙwaya yake sha. E, akwai waɗanda tiramol da wiwi suka birkita, akwai ma masu irin ciwona da suka faɗa shaye shaye dan neman barci, amma ni ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba kuma sai da aka ce.

Mata kuwa nasu ya fi namu muni, a layin asibiti nake jin labarinsu. Mace mai baifola lokacin da ta fi shiga haɗari shi ne bayan haihuwa, kwanakin jego, sai ta daina barci ta rikice, sai a ce iska ce ko kishiya ce ta yi mata, kafin arba'in an miƙa mata takarda an sa ta a motar Arewa an ƙwace jaririn. Ni da na yi nawa matata ta zauna, an ma yaba mata, da ita ce ta yi ban san ko dangina za su bar ni in zauna ba. Ku ake kawo wa shari'ar auren nan, ku tambaya ko an kai ta asibiti kafin a yi maganar saki. Kuma mai shan magani in tana son ɗaukar ciki ta fara gaya wa likita, dan akwai magunguna irin su balfurowet da ke illa ga ɗan da ke ciki, ba kuma ta yanke da kanta ba.

Wani abu da ku kaɗai za ku iya warware mana shi ne azumi. Mai shan litiyam in ruwan jikinsa ya ƙafe maganin na taruwa a jini, ga zafin kasuwa, ga kuma rashin barcin Ramadan, sahur da tahajjud, alhali rashin barci shi ne babban abin da ke tayar min da ciwon. Shekarar farko ɓoyewa na yi ina shan ruwa a bayan shago kamar ɓarawo. Yanzu kafin watan ya kama nakan je mu zauna da likita ta duba jinina ta gyara min lokacin sha, wata shekarar in yi wata shekarar ta ce a'a. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Baƙara, amma mutanenmu in ba su ga mutum kwance da ƙarin ruwa ba ba su yarda mara lafiya ba ne. In kuka faɗa a tafsiri sau ɗaya, wani ba zai ƙara jefar da maganinsa dan kunyar a gan shi yana ci da rana ba. Haka in ba ku gan ni a tahajjud ba, ba lalaci ba ne, ƙarfe goma nake kwanciya ko ana ruwan kuɗi a waje, matata ce mai gadin wannan dokar kuma ba ta da sassauci, ita ke riƙe da katin banki ma in ta ga na fara yawan magana da sabbin dabaru, mun yi wannan yarjejeniyar ne ina cikin hankalina.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa na yi tsawo, ku yi haƙuri. Ranar 30 ga Maris ake tunawa da masu baifola a duniya, 10 ga Oktoba kuma lafiyar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, in kuna neman Juma'ar da za ku ɗora huɗubar a kai ga su nan, in kuma kun ga dama ko wannan satin ma. Ba mu da yawa da za mu iya fitowa mu yi magana, amma a layin asibiti kaɗai na haɗu da mutum uku da muke sallah masallaci ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ga ɗan uwansa ba, sai a bakin get ɗaya ya matso ya ce min dan Allah kar ka faɗa.

Ban faɗa ba. Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu ina sahu na uku wajen fanka, inda na saba zama.

Wassalam, naku,
ɗanku mai albasa.